Maigidana dillalin filaye ne, ana zuga shi ya fito majalisar jiha: amsa ga Hajiya ta Rigasa

Wata baiwar Allah ce ta turo mani tambaya daga Rigasa, tace maigidanta shekara goma sha shida kenan yana harkar filaye da gidaje kuma Allah ya rufa mashi asiri, yanzu mutanen unguwa da wasu 'yan jam'iyya sun hana shi sakat wai lallai ya fito takarar dan majalisar jiha, ita kuma taga alamar zuciyarshi ta fara karkata. Tambayarta biyu ce, shin doka ta yarda ya hada kujera da kasuwancinshi, sannan wadanda suka bi wannan hanyar kafin shi ya suka kare.

Hajiya sannu da kokari, kuma wallahi kin yi dabara da kika yi tambayar nan tun ba'a sayi fom ba, don yawanci sai an sayar da fuloti na biyar ko na shida sannan iyali ke zuwa ofis dina hankali a tashe. Ni aikin lauya nake a garin nan na Kaduna sama da shekara ashirin, rabin abinda ke kan teburina takardun fili ne, na rubuta ma mutane irin Alhajinki yarjejeniyar ciniki ba adadi, kuma a cikinsu akwai biyu da na gani da idona suka tashi daga dillanci har suka zauna a Lugard Hall, wato zauren majalisar jiha. To abinda zan fada maki daga can na debo shi.

Farko ki gane me yasa shi ake bi ba wani ba. Dillalin fili a Kaduna ba karamin mutum bane a unguwa. Yawancinsu da yaron dillali suka fara, suna bin maigida a mashin ana nuna ma masu saye fili, a basu dan abinda ya samu cikin la'ada, daga nan sai mutum ya tara ya sayi gona daya a bayan gari wajen masu gado, ya kira safiyo a yanka mashi ita fuloti-fuloti hamsin da dari, ya sayar da rabi ya rike rabi. Wadanda suka rike fili a Rigasa kafin a bude tashar jirgin kasa na Abuja a watan Yulin 2016 sun san me nake fada, haka wadanda suka shiga Danbushiya tun ana ce ma wajen daji kafin sunan Millennium City ya kama bakin kowa. A cikin shekarun nan ba mai unguwa ko dagacin da bai zauna dashi ba, ya san limamai, ya san magina da masu bulo da direbobin tifa, ya raba rigimar iyaka ta fi a kirga, kuma duk fulotin da ya sayar yau gida ne da mutum biyar ko goma masu katin zabe. Masu zuwa gaishe shi da daddare wannan jama'ar suke gani, sannan suna ganin yana da abinda zai sayar in an bukaci kudi. Wasu tsakani da Allah suke sonshi, ban musa ba, amma ki sa a ranki ba duka ba.

Sai maganar doka. Tsayawa takara ba matsala, tsarin mulkin 1999 cewa yayi mutum ya zama dan kasa, yayi karatu akalla matakin sakandare, jam'iyya ta tsayar dashi, shekaru kuma da talatin ne amma tun 2018 da Buhari ya sa hannu a gyaran nan na matasa aka maida shi 25. Dan kasuwa ba sai ya ajiye komai ba kafin zabe, ma'aikacin gwamnati ne dole ya ajiye aiki kwana talatin kafin ranar. Inda gizo ke saka shine bayan yaci. Daga ranar da aka rantsar dashi ya shiga karkashin dokar da'ar ma'aikata dake jadawali na biyar na tsarin mulki, kuma ta fada karara cewa mai rike da mukamin gwamnati ba zai gudanar da wani kasuwanci ko sana'a tashi ta kanshi ba, noma kadai aka cire. Zai iya mallakar kaso a kamfani, zai iya karbar ribarshi, gidajen hayarshi na nan nashi ne, amma ya zauna a kujerar darakta yana sa hannu a takardun ciniki yana yanka farashi, wannan ya saba. Za kiji wasu na cewa ai dokar ta kebe wanda ba aikin cikakken lokaci yake ba, gaskiya ne akwai wannan togaciyar, amma mutumin da ke daukar albashi da alawus duk wata a majalisar da doka ta wajabta mata zama akalla kwana 181 a shekara, ni bazan bashi shawarar ya jingina da ita ba. Kuma dabarar nan ta a sa sunan kani ko mata a takarda alhali shi ke juya komai ta waya, itama an toshe ta, dokar tace abinda aka hana ka in kayi shi ta hannun wakili kamar kai kayi.

Kafin ma ya zauna kan kujerar sai ya cike fom din bayyana kadara na hukumar da'ar ma'aikata, kuma nan ne 'yan harkar fili ke shan wuya fiye da kowa, saboda dukiyarsu a warwatse take, fuloti uku a Mando, gona a hanyar Birnin Gwari, kango a Hayin Banki, wani da takardar mai unguwa kawai, wani an biya rabi, wani na hadaka ne da aboki ba'a taba rubutawa ba. Fom din har abinda ke hannunki da na yaran da basu kai shekara 18 ba yana tambaya. Abinda ya manta bai rubuta ba, ko ya samu daga baya ya kasa nuna daga ina, abokin hamayya na iya dauka ya kai kara, kuma kotun da'ar ma'aikata na da ikon sauke shi daga kujera, ta hana shi rike mukami har shekara goma, ta kwace kadarar. Sannan ki cire ma kanki tunanin rigar kariya, sashe na 308 na tsarin mulki shugaban kasa da mataimakinshi da gwamna da mataimakinshi kadai ya rufe, dan majalisa in wani ya kai shi kara kan fili gobe da safe za'a iya kiranshi kamar kowa.

Amma Hajiya in gaya maki gaskiya ba doka ce tafi kayar da su ba. Abinda ke kayar da su shine harkar fili da siyasa basa tafiya da agogo daya. Fili hakuri yake so, ka saya ka manta dashi shekara bakwai, takwas, har titi ya iso ko a kawo wuta, ribar duk a jira take. Siyasa kuma tsabar kudi take so yau yau, kafin la'asar. Mai fili a takarda attajiri ne amma aljihunshi sau da yawa ba komai, to ranar da siyasa tace kawo, ba inda zai juya sai ya sayar, kuma duk garin an san a matse yake, masu saye sai su nade hannu suna jiranshi ya sauko. Ki duba zaben 2023, an yi fidda gwani a watan Mayun 2022, ba'a yi zaben majalisar jiha ba sai 18 ga Maris 2023, wata goma kenan mutum na ciyar da tafiya, ga canjin kudi ya fado a tsakiya takardar naira ta bace a hannun mutane, wa zai sayi fili a lokacin in ba da farashin wulakanci ba. Fom din APC na majalisar jiha kadai naira miliyan 2 ne a 2022, kuma fom shine mafi arha a cikin lissafin. A lokacin dokar zabe ta 2022 ta kayyade ma dan takarar majalisar jiha kada ya kashe sama da miliyan 30, ki tambayi duk wanda ya taba yi ya fada maki tsakaninshi da Allah a ina kudin deleget da motoci da fosta da ejan-ejan na rumfuna suka tsaya.

Na farkon cikin mutanen nan biyu, bazan manta daren ba. Saura kwana biyu fidda gwani ya kira ni bayan isha'i yace in bude ofis, ya shigo da wani mai saye da takardun fuloti shida a jere bakin hanya, filin da ya rike shekara tara yana cewa na karatun yara ne. Na rubuta yarjejeniya da fitilar waya saboda ba wuta, kudin da aka rubuta bai fi rabin abinda ni na san filin zai yi ba, na ajiye biro nace Alhaji a bari zuwa safe mana, yace Barista safe tayi nisa. Hannunshi na rawa ya sa hannu. Wannan ma da sauki tunda nashi ne ya sayar. Wanda ya karya shi shine wata gona da ya yanka yana sayar ma ma'aikata da biyan kadan-kadan duk wata, malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da 'yan fansho, kudinsu na taruwa a asusu daya da nashi, kuma bai gama biyan masu gonar ba. Da wuta tayi wuta sai ya sa hannu a ciki da niyyar in yaci zai mayar. Kuma yaci din. Amma bai mayar ba, ba don mugunta ba, sai don kudin da yake zaton kujera zata kawo basu taba kwana a hannunshi ba.

Don ki san rayuwar da ke jiranku, kofar gidan dan majalisa tun bayan asuba take cika. Wannan takardar magani, wannan matarshi ta haihu, wannan an koro yaro kudin makaranta, wancan taransifomar unguwarsu ta kone, ga masu neman a sa masu baki a dauki dansu aiki, ga yaran da suka yi mashi wahala a kamfen kowa na jiran nashi kason. Dan majalisar tarayya yana Abuja sai an ga dama a ganshi, na jiha kuwa a unguwa yake kwana, masallaci daya kuke sallah, ba inda zai buya, kuma in ya buya an gama dashi. Ke kanki gidanki zai zama kamar tasha, tukunya bata sauka.

Akwai wata bazawara cikin masu biyan nan, mijinta ya rasu ya bar mata 'yan kudin sallama ta zuba a fuloti daya. Shekara uku tana zuwa ofis dina da rasit dinta a nade cikin leda, ledar ma cikin wata ledar, duk zuwa sai ta warware a hankali ta shimfida mani a tebur kamar ban taba gani ba, tace Barista ni ba rigima nake so ba a nuna mani inda zan kafa bulo kawai. Masu gonar kuwa sun gaji da jira sun sayar ma wani. Har yau in na tuna matar nan raina baci yake. Da wa'adi ya kare jam'iyya bata sake bashi tikiti ba, ya dawo kasuwa ya tarar ba mai yarda ya bashi ko kudin kafin alkalami, a harkar da duk jarinta yarda ce. Gidan da yake ciki ya sayar ya biya mutane, ya koma haya. Na yaba mashi da ya biya, da yawa basa biya, amma shekara ashirin na gini ta tafi a hudu.

Wani abu kuma da masu zuga basa fada mashi, kujerar bata da ikon fili kamar yadda ake zato. Dokar amfani da kasa ta 1978 ta damka duk kasar jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana, shi ke bada takardar shaidar mallaka wadda muke ce ma si of o, yawanci ta shekara 99, sai da amincewarshi ake sayarwa ko jinginar da filin da ke da ita, kuma shi ke da ikon soke ta in za'a yi aikin jama'a, diyya kuma akan gini da amfanin da ke kai ake biya, ba akan tsurar kasa ba. A nan Kaduna tun zamanin El-Rufai aka tattara harkar takardun fili a hukumar rajistar filaye ta KADGIS, izinin gini kuma na hukumar tsara birane ta KASUPDA ne, dukkansu bangaren zartarwa ne, gidan gwamnati na Sir Kashim suke kallo ba Lugard Hall ba. Dan majalisa mutum daya ne cikin 34 da ke wakiltar kananan hukumomi 23. Aikinshi yin doka, duba kasafin kudi, bin diddigin yadda aka kashe, da kai koken mazabarshi. In yana tunanin yana shiga duk filayenshi marasa takarda za su samu takarda, ko jan fenti ba zai taba katangarshi ba, to ya sake lissafi. Kuma ki duba yadda kujerar ke juyawa, ko shugaban majalisa bai da tabbas, Aminu Shagali ya sauka a watan Fabrairun 2020 Yusuf Zailani ya hau, 2023 kuma Yusuf Liman ya karba, balle dan majalisa sabon shiga.

Hatsarin da yafi wannan shine inda ikon ya dan taba shi. Dan majalisa na ganin kasafin kudi kafin jama'a su gani, ya san inda za'a ja sabon titi, inda za'a kai makaranta ko asibiti. Ga mai harkar fili wannan labarin kudi ne tsagwaronsu, sai shaidan ya raya mashi ya tura yaro ya saye gonakin wajen a hannun talakawan da basu san komai ba. Sakin layi na farko na dokar da'ar nan abinda ya hana kenan, kada son ranka ya ci karo da aikin da aka damka maka. Ko ba doka ma, mu musulmi mun san abinda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fada akan wanda ya ci ko taki daya na kasar wani da zalunci, za'a rataya mashi ita har kasa bakwai. Manomin da aka saye gonarshi da arha saboda an boye mashi abinda aka sani, ni a wajena yana kusa da wannan sosai.

Kada kuma kiji kamar ina cewa kar ya fito. Wallahi majalisar nan na bukatar wanda ya san fili da gaske. Wanda ya san yadda ake yanka unguwa ba'a bar hanyar mota ba balle kwata ko filin makaranta, sai damina tazo ruwa ya shiga dakunan mutane, wanda ya san yadda ake sayar da fuloti daya ma mutum uku, wanda ya san abinda dan haya ke gani a hannun ejan da abinda mai gida ke gani a hannun dan hayan da ya ki tashi, wanda ya zauna da 'yan kasuwar da aka rushe ma shaguna lokacin sabunta birni yaji yadda suka kare. Sashe na 128 na tsarin mulki ya ba majalisa ikon kiran kowace hukuma ta binciki aikinta, kuma irin Alhajinki in ya tashi yana tambaya akan diyya ko tsadar yin takarda ba wanda zai rude shi da turanci, don ya taka wajen da kafarshi.

Na biyun da na sani haka yayi, kuma yau yana nan da mutuncinshi. Shekara guda cur kafin ya sayi fom ya daina karbar kudin kowa. Muka zauna dashi da littafinshi wata uku muna bi daya bayan daya, duk wanda ya biya aka kai shi aka nuna mashi fulotinshi aka kafa mashi duwatsun iyaka ya sa hannu ya karba, wanda bai gama biya ba aka rubuta sabuwar yarjejeniya ko aka mayar mashi da kudinshi. Ya sauka daga daraktan kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya mika ma wani abokin aikinshi da suka dade, da rubutaccen sharadi cewa ba za'a saya ko a sayar da komai da sunan kamfanin a wajen da gwamnati ke shirin aiki ba muddin yana kan kujera. Ya ware fuloti goma sha biyu yace wadannan na siyasa ne, in sun kare na kare, kuma ya sayar dasu a hankali tun kasuwa na da kyau ba'a san dalili ba, ta banki, don dokar hana halasta kudin haram ta hana mutum karbar tsabar kudi sama da miliyan 5 a ciniki, dillalan gidaje kuma dole suyi rajista da SCUML, sashen sa ido kan halasta kudin haram dake karkashin EFCC. Wa'adi daya yayi, na biyu aka ce sai ya ninka abinda ya kashe, ya duba yaga sha biyun sun kare, yace a kai kasuwa. An yi mashi surutu wata biyu aka manta. Ya koma ofishinshi, kuma da buhun siminti ya haura dubu goma a farkon 2024 gine-gine suka tsaya ma mutane da yawa, shi yana da sauran filayen da zai jira dasu.

To Hajiya ga abinda zan ce kiyi, kuma ki yi shi cikin ladabi a lokacin da yake cikin natsuwa, ba gaban masu zuga ba. Kar ki ce mashi kar ka fito, namiji in an taru ana ce mashi Honarabul tun bai ci ba, kalmar kar bata shiga kunnenshi. Ki tambaye shi abu uku kawai, mutum nawa ne kudinsu ke hannunka da basu karbi filinsu ba, wanne da wanne ka ware ma tafiyar nan, kuma wa zai rike ofis ranar da aka rantsar da kai. In ya amsa maki da lissafi, da sunaye da lambar fuloti, to ki yi mashi addu'a ki daura damara. In yace ke dai bari Allah zai kawo, to ki nemi wani babba da yake jin nauyi, yayanshi ko malaminshi, a zauna tun yanzu. Sannan gidan da kuke ciki, in takardar mai unguwa ce kawai gare shi a je KADGIS a fara neman ta gwamna, in kuma akwai ta a fitar da ita daga cikin takardun kasuwa a ajiye daban, ku yi magana dashi a gaban shaidu biyu cewa wannan gidan baya cikin abinda za'a sayar ko a kai banki jingina, ko da saura kwana biyu fidda gwani.